So, Ƙauna, Soyayya da Fana'i a Bakin Sufaye

Tambaya: Allah gafarta Malam, na ji mai wa'azi yana cewa "soyayyar Allah", sai abin ya yi mini bambaraƙwai. Ba "son Allah" ya kamata a ce ba?

Amsa: Malama, mai wa'azin bai yi kuskure ba. Mu ne muka ƙuntata kalmar, muka tsare ta a tsakanin saurayi da budurwa, har ta kai wanda ya ji ta a masallaci sai ya sunkuyar da kai. Wannan abu yana damuna ƙwarai. Ki dubi ƙirar kalmar: soyayya, ƙiyayya, jayayya, tarayya, auratayya. Wannan ɗafi na "-ayya" yana nuna abin da ke gudana tsakanin ɓangare biyu. Mutum ɗaya ba ya jayayya shi kaɗai. To ayar da sufaye suka gina zancen mahabba, wato soyayyar Allah, a kanta, aya ta 54 a Suratul Ma'ida, cewa ta yi Yana son su, suna son Sa. So ne daga can, so daga nan, kuma na Ubangiji aka fara ambata. Wace kalma Bahaushe ke da ita da ta ɗauke wannan ma'ana gaba ɗaya in ba soyayya ba?

Tunda kin taɓo wurin, bari in ƙara da ƙauna, don mutane suna ɗauka ita da so abu ɗaya ne. Muna cewa "ya yanke ƙauna", ba ma cewa "ya yanke so". Wanda ya yanke ƙauna daga rahamar Allah, ai tsammani ya fitar. Ke nan a cikin ƙauna akwai sa rai, akwai jiran wani alheri daga wanda ake ƙauna. Abin da sufaye suka raba gida biyu, mahabba da raja'u (wato sa rai), Hausa ta ƙulle shi a kalma guda. Shi kuwa so, ba ya buƙatar dalili. Rabi'atul Adawiyya, baiwar Allah ta Basra da ta rasu wajen shekarar 801 Miladiyya, ana jingina mata cewa ba ta bauta don tsoron wuta ko kwaɗayin Aljanna, sai don Shi kansa. A ganina wannan so ne tsagwaronsa, ya wuce ƙauna. Yawancinmu kuwa a ƙauna muke, kuma ba aibi ba ne, domin Allah da kansa ya kwaɗaitar da mu rahamarsa.

Tambaya: Daga ina kalmar "sufi" ta fito?

Amsa: Daga "suf", wato ulu, tufar masu gudun duniya na farko. Masu kai ta ga "safa'u", tsarkin zuciya, ma'ana mai kyau suka faɗa, amma ƙa'idar sarfu ba ta goyi bayansu ba.

Tambaya: Malam, bege da shauƙi ɗaya ne?

Amsa: Kusan haka, in an yi amfani da su daidai. Bege sai ga abin da ya yi maka nisa, shi ya sa ake begen gida, ake begen Annabi (SAW). Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana a babin mahabba na littafinsa Ihya'u cewa ba a shauƙin abin da ba a sani ba sam, ba a kuma shauƙin abin da aka gama sani, sai wanda aka hango ta wata fuska, ya ɓuya ta wata. Wannan shi ne begenmu. Amma yau yaro ya ji kiɗa ya motsa shi, sai ya ce yana cikin shauƙi. Wannan nishaɗi ne, ɗan'uwa. Shauƙi yana tare da raɗaɗin rashi.

Tambaya: Mene ne fana'i? Gaskiya ne wanda ya kai shi salla ta faɗi a kansa?

Amsa: Rabin tambayar na ƙarshe ƙarya ce, kuma duk wanda ya faɗa maka haka bai san kalmar ba, bai san masu kalmar ba. Fana'i Larabci ne, ma'anarsa ƙarewa. Tushensa ɗaya da "fan" na Suratur Rahman, inda aka ce duk wanda ke kan ƙasa mai ƙarewa ne, kuma ayar da ke biye ta zo da "yabƙa", inda aka samo baƙa'i, wanzuwa. Sufaye ba sa raba su. Abin da ke ƙarewa shi ne ganin kai: "ni na yi", "nawa ne", "ni wane". Bawa yana nan a bawansa. Misalin da aka saba kawowa shi ne ƙarfen da maƙeri ya sa a wuta. Ya yi jawur, yana ƙuna kamar wuta, amma da an ciro shi za a ga ƙarfe ne. Hujjarsu hadisi ƙudusi ne da Buhari ya ruwaito, cewa bawa ba zai gushe yana kusantar Allah da nafilfili ba har Ya so shi, Ya zama jinsa da ganinsa. Ka lura, da farillai hadisin ya fara, sannan nafilfili. Tsanin da aka hau da shi ke nan, to ta yaya za a ce ya faɗi?

Su kansu manyan sufaye sun yi magana a kan maye da wartsakewa, sukuru da sahawu. Junaidu na Bagadaza, wanda ya rasu wajen 910, wartsakewa ya fifita: a koma cikin mutane da hankali cikakke, ana kiyaye shari'a. Hallaju, wanda aka san shi da furucin "Anal Haƙƙu", wato "Ni ne Gaskiya" (Al-Haƙƙu sunan Allah ne), an kashe shi a Bagadaza a 922, kuma har yau malamai suna saɓani a kansa. Abin da ke ba ni takaici shi ne mai saurin kafirtawa da mai saurin da'awa, dukansu biyu furucin maye suke riƙewa, su bar bayanin wartsakewa.

Tambaya: Majazubi mahaukaci ne?

Amsa: A'a. Daga "jazbu" ne, fizga, wato wanda aka janyo ba tare da ya taka matakan suluki, wato tafiyar neman kusancin Allah, ɗaya bayan ɗaya ba. Mai taɓin hankali kuwa magani yake buƙata, kada a rufe ciwonsa da wannan suna.

Tambaya: Karin maganar "gani ya kori ji" tana da alaƙa da ma'arifa, wato sanin Allah?

Amsa: Tana da ita, amma a tsakiya ta tsaya. Matakan yaƙini uku ne, kuma duka sunayen suna cikin Alƙur'ani: ilmul yaƙini, ainul yaƙini, haƙƙul yaƙini. An ba ka labarin kogi, wannan ji ne. Ka tsaya a bakinsa, wannan gani ne, ya kuma kori ji. Na ukun shi ne ka shiga ka sha, kuma wannan ne sufaye ke kira zauƙi, ɗanɗano.