Tambaya da Amsa: Asabar da Lahadi a Mae Sot, Bakin Iyakar Tailan da Burma

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma ina zuwa Bankok sarin kaya. A tafiyar da zan yi nan gaba kayana ba za su haɗu ba sai ranar Litinin, saboda haka Asabar da Lahadi za su same ni ba ni da abin yi. An ba ni labarin garin Mae Sot, kuma ina so in je in tsallaka Burma ko da na yini ɗaya ne, domin kakana yana cikin sojojin da suka yi yaƙi a can. Shin kwana biyu za su isa? Daga wani Alhaji, Fagge.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya jiƙan kaka, ya sa wa kasuwa albarka. Kwana biyu za su ishe ka ganin Mae Sot, amma batun tsallakawa, shawarata ita ce ka cire shi daga ranka.

Mae Sot yana lardin Tak ne a yammacin Tailan, kimanin kilomita 500 daga Bankok, kuma kogin Moei ne ya raba shi da Myawaddy, wani gari a jihar Karen ta Burma, ƙasar da hukumominta suka sauya wa suna zuwa Miyanma a 1989. Gadoji biyu ne suka haɗa garuruwan, ta farko an buɗe ta a 1997, ta biyu kuma, wadda manyan motocin kaya ke bi, a 2019. Kogin ba shi da wani faɗi, shi ya sa baƙo yake ɗaukar tsallaka shi abu ne mai sauƙi.

Matsala ta farko takarda ce. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar Burma ta daban, sannan idan bizarka ta Tailan ta shiga sau ɗaya ce, da zarar an buga maka hatimin fita a bakin gada ta mutu ke nan, alhali kayanka da tikitinka na komawa Kano suna Bankok. Kai ka fi kowa sanin wahalar da aka sha kafin a same ta, tun daga takardar tantancewa ta hukumar NDLEA. Ta biyu kuwa yaƙi ne. Tun daga ranar 1 ga Fabrairun 2021, da sojoji suka kifar da gwamnatin Aung San Suu Kyi, ƙasar ba ta zauna lafiya ba, kuma a watan Afrilun 2024 an gwabza faɗa tsakanin mayaƙan ƙabilar Karen da sojoji a Myawaddy ɗin kansa, har dubban mutane suka tsero zuwa ɓangaren Tailan. Ana iya rufe gadar a kowane lokaci ba tare da sanarwa ba.

Ko da ma an bar ka ka shiga, ba za ka taka inda kakanka ya taka ba. Mafi yawan sojojinmu da suka tafi ƙarƙashin Birtaniya, a Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, sun yaƙi Jafanawa ne tsakanin 1943 da 1945 a yankin Arakan da kwarin kogin Kaladan, can yammacin ƙasar kusa da iyakar Bangaladash ta yau, kai kuma kana gabashinta.

Hanya mafi dacewa da ɗan lokacinka ita ce ka hau motar dare ranar Juma'a daga tashar Mo Chit da ke Bankok, wadda kan ɗauki kimanin awa takwas, ka sauka da asuba. Akwai kuma jirgin sama daga filin Don Mueang, tafiyar kamar awa ɗaya, sai dai ka tabbatar da ranar tashinsa tun da wuri. Daga garin Tak hanya takan hau duwatsu tana lanƙwasa, kuma akwai shingayen bincike inda jami'ai ke shiga mota su duba takardu. Ka riƙe fasfonka a aljihu, tare da shaidar masaukinka da tikitin komawa, kuma kada ranka ya ɓaci idan suka tsare ka da tambayoyi fiye da sauran fasinjoji. Dalilin haka yana cikin amsar tambaya ta gaba.

Abinci da salla ba za su ba ka wahala ba, domin garin yana da tsohuwar al'ummar Musulmi 'yan asalin Burma da yankin Indiya. Ka nufi masallacin Nurul Islam, inda a kewayensa masu shayi ke buɗewa tun da sassafe, za ka ga ana murza ƙullin fulawa ana kaɗa shi a iska har ya yi shara-shara, a soya shi a faffaɗan kasko, a kawo maka da miyar wake da shayi mai madarar gwangwani. Daga nan sai babbar kasuwar gari, wadda a ganina ita ce dalilin zuwan baki ɗaya. A nan za ka ga mata da yara sun shafa tanaka a kumatu, wani farin kwaɓi mai ratsin rawaya da ake gogowa daga ɓawon itace don kare fata daga rana, maza kuma sun ɗaura zanen da suke kira longyi, bakinsu ya yi ja saboda wani ƙwallo da suke naɗewa a ganye su tauna kamar yadda muke cin goro. Burmanci ya fi Tailanci tashi a wasu layukan kasuwar, kuma tun da sana'arka yadi ce, ka tsaya ka duba saƙar hannu ta matan Karen da yadda suke jera launi.

Da la'asar ka je kasuwar Rim Moei da ke gindin tsohuwar gada. Daga bakin kogin za ka hangi gidajen Myawaddy da mutanensa ƙarara, agogonsu yana bayan naka da rabin awa. Kada ka sayi taba ko wani abin da ake miƙowa ta cikin wayar shinge, domin kayan fasa-ƙwauri ne, haka kuma duwatsu masu daraja da garin ya yi suna a kansu, kallo ya ishe ka idan ba ka san na gaske da jabu ba.

Lahadi ka huta, ka koma da motar dare. Za a kwaɗaita maka magangarar ruwa ta Thi Lo Su, amma hanyar Umphang, gundumar da take ciki, ta haura kilomita 160 da lanƙwasa fiye da 1,200, ba ta kwana biyu ba ce. Sansanin 'yan gudun hijira na Mae La, wanda yake nan tun 1984, da asibitin Mae Tao da Dakta Cynthia Maung ta kafa a 1989, wuraren masu buƙata ne, ba na yawon ido ba. Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya fi daɗin zuwa, domin Maris da Afrilu akwai zafi da hayaƙin ƙona gonaki, damina kuma takan kai Oktoba.

Tambaya: An yi wa ƙanena tayin aikin kwamfuta a Tailan ta Facebook, an ce za a biya masa tikiti, a tarbe shi a Bankok a kai shi Mae Sot da mota. Mu bar shi ya tafi? Daga wata Hajiya, Gwammaja.

Amsa: Hajiya, ku hana shi. Wannan ita ce hanyar da masu safarar mutane ke bi su tsallakar da matasa kogin Moei zuwa sansanonin damfara ta intanet irin su KK Park da Shwe Kokko a yankin Myawaddy, inda ake ƙwace fasfo a tilasta wa mutum yaudarar jama'a, a azabtar da shi idan bai kawo kuɗi ba. A watan Fabrairun 2025 Tailan ta yanke wa yankin wutar lantarki da mai saboda wannan, kuma cikin waɗanda aka ceto a lokacin akwai 'yan Afirka da dama, musamman daga Habasha da Kenya. Aikin gaskiya a Tailan yana tafiya ne da bizar aiki da izinin hukuma da sunan kamfanin da za a iya bincika, ba da bizar yawon buɗe ido ba. Ku adana saƙonnin da aka turo masa da lambobin wayar, ku kai wa hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane a ofishinta na Kano.