Fentin feshi ya narka min tarago, kaina kuma na sarawa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa ƙaramin samfurin tashar jirgin ƙasa ta Zariya a kan tebur, a ma'aunin HO, wato 1:87, komai an rage girmansa sau 87. Na sayi gwangwanin fentin mota na fesa wa taragu biyu a ɗakina da daddare, da gari ya waye na tarar jikinsu ya yamutse, ƙusoshi da layukan jikin duk sun shafe. Tun ranar kaina ke sarawa, ƙirjina kuma ya yi nauyi. Wani mai fentin mota a unguwarmu ya ce in riƙa shan madara bayan kowane feshi, za ta wanke komai. Gaskiya ne? Kuma yaya zan sa taragun da ginin tashar su yi kama da tsofaffi ba tare da na sake ɓata su ba? (Wani mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya ba ka lafiya. Maganar taragun mai sauƙi ce. Robar da ake yin su da ita, folistarin, ba ta jure tina, wato ruwan tsinka fenti da ke cikin fentin mota, tinar tana narkar da samanta ne kafin fentin ya bushe. Waɗannan biyun ba za su koma yadda suke ba. Ka goge su da sanfefa mai laushi, ka cika su da launin tsatsa, ka jingine su a layin gefe a matsayin taragun da aka daina amfani da su. Sauran kuwa ka wanke su da sabulu, ka shimfiɗa firaima ta roba siririya, wato fentin shimfiɗar farko, sannan ka bi da fentin akirilik irin na kamfanin Tamiya ko Vallejo.

Sai maganar madara, wadda na gaji da jin ta. Kullum sai an kawo min ita, daga gareji, daga wajen kafintoci, yanzu har daga masu wannan sana'a tamu. Malam, madara ciki take tafiya. Tururin fenti huhu yake shiga, daga huhu ya wuce cikin jini cikin 'yan mintoci, ya kai ƙwaƙwalwa, hanta kuma ta ɗauki wahalar tace shi. Ina madara za ta haɗu da shi? Ko gwangwanin madara goma ka shanye, abin da ya shiga ya riga ya shiga. Illar wannan magana ita ce tana sa mutum ya saki jiki, ya rufe ƙofa da taga ya yi ta feshi, yana ganin magani na nan a kan tebur yana jiran sa.

Ciwon kan nan daga sinadaran tina ne, irin su tolwin da zailin. Nauyin ƙirjin shi ya fi damu na. Akwai fentin mota mai haɗi biyu, wanda ake zuba masa ruwan ƙarfafawa kafin a fesa, har da na gwangwani mai maɓalli a gindi. Cikinsa akwai aisosayanet, sinadarin da aka san shi da jawo wa masu fentin mota asma. Idan jiki ya riga ya ɗauki gaba da shi, ko ɗan kaɗan mutum ya shaƙa sai numfashi ya sarƙe, kuma sau da yawa abin ba ya barin mutum. Wannan fentin ba shi da wuri a ɗakin kwana ko kan teburin samfuri, ko da wane irin takunkumi ka saka. Ka ɗauki gwangwanin da ka yi amfani da shi ka tafi da shi asibiti, likita ya ga abin da ke rubuce a jiki. Kar ka tsaya wajen mai kemis ya haɗa maka ƙwayoyi.

Takunkumin da muka saba da shi lokacin korona, da tsumman da ake ɗaurawa a hanci, ba sa tare tururi ko kaɗan. Wanda ke aiki shi ne na roba mai matatar gawayi, mai alamar A2P3, shi ma matatar tana ƙarewa, don haka ka riƙa ɗaure ta a leda idan ka gama, ka canza ta da zarar ka fara jin wari. Feshi kuwa a tsakar gida, iska na bayanka, yara na nesa. Akirilik ma idan an fesa shi ana shaƙar ƙurarsa, rashin warinsa ba izini ba ne. Masu tsinka fenti da fetur kuma, tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi har ya tarar da risho ko janareta. Ai ba sai na faɗi sauran ba.

Yanzu tsufar da kaya, wanda yawancinsa ma ba ya buƙatar feshi. Kar ka kwafi hotunan Ingila da Amurka, inda gini ke baƙi da hayaƙin kwal da gansakuka. Zariya ƙura gare ta: ja daga ƙasa, wadda ruwan damina ke fantsamawa gindin bango da ƙafafun tarago, sai fara-fara ta hunturu da ke kwanciya a kan rufi da bakin taga. Rana kuma tana cin launi, saboda haka ka ɗiga ɗan fari a fentinka tun farko. A ma'aunin 1:87 launi mai ƙarfi yakan sa tarago ya koma abin wasan yara.

Ka fara da ruwan fenti tsararo, baƙi da ruwan ƙasa, ya gangara cikin tsagogi da kewayen ƙusoshi, ka share abin da ya yi yawa. Tsatsa daga sama take saukowa, inda ruwa ke bi, don haka ka ja burushinka daga rufi zuwa ƙasa a miƙe. Kwanon rufin tasha ba ya tsatsa bai ɗaya, wani falle ya ci, na kusa da shi sabo ne. Ƙura kuwa ka kankare allin zane mai launi ya zama gari, ka shafa da busasshen burushi daga ƙasa zuwa sama. Idan ka rufe da banish marar sheƙi, wato ruwan kariya marar launi, rabin garin zai ɓace, sai ka ƙara. A kan jirgi mai dizal, baƙin hayaƙi a kewayen bututu yake, maiƙo kuma wajen tankin mai.

Wasu kan tankaɗe jar ƙasa ta gaske su yi amfani da ita, kuma tana kyau ƙwarai a gefen layi. Amma ka bi ta da maganaɗisu tukuna, domin akwai ɓurɓushin ƙarfe a ciki da injin jirgin zai zuƙa. Saman layin dogo da inda ƙafafu ke taka shi kar fenti ya taɓa su, ta nan wutar lantarki ke bi, idan sun toshe jirgin zai riƙa tsayawa. Lokacin hunturu kuma akirilik yana bushewa tun a iska ya sauka da kaushi, sai ka ƙara tsinka shi, ka matso da hannunka, ka yi aikin da sassafe.