Zan rufe shago: ko zan iya yafe bashin da nake bi a madadin zakka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon kayan masarufi a unguwar Domayo, cikin Marwa ta ƙasar Kamaru. Jari ya karye, ƙarshen watan nan zan rufe. Dilan da nake sari a wurinsa yana bina sefa dubu 400. A littafin bashina akwai kusan dubu 250 a hannun mutanen unguwa, galibinsu ba su da abin biya, kayan da suka rage kuma ba su wuce na dubu 200 ba. Ina so in yaga littafin in lissafa shi a zakkata, ya halatta? Sannan tun da labari ya bazu, mai shayin ƙofata ya daina karɓar kuɗina, tela ya ce in riƙa zama a bencinsa, wata tsohuwa ta kawo min ɗari biyar da na manta ina binta, a ƙulle a bakin zane. Wannan ne ke sanyaya min rai, amma ina jin kunya, ina kuma tsoron ko dogaro ne ga wanin Allah.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya musanya maka da mafi alheri. Karyewar jari ba abin kunya ba ce, ɗan'uwa. Tun da rikicin Boko Haram ya toshe hanyar Banki da Amchide, kan iyakar Najeriya da Kamaru, a 2014, ƙananan 'yan kasuwar Marwa da Mora da suka dogara da kayan Najeriya suka shiga matsi, wasu har yau ba su miƙe ba.

Yafe bashi a matsayin zakka bai wadatar ba a mazhabarmu ta Malikiyya, haka ma wajen mafi yawan malamai, duk da an ruwaito halaccinsa daga Hasanul Basri da Aɗa'u. Zakka bayarwa ce, ana cire dukiya daga hannu a mallaka wa matalauci. Wanda ya lissafa bashin da ya riga ya fid da rai da shi, kansa ya yi wa amfani, ya rufe farilla da kuɗin da dama ba za su dawo ba.

Amma kai, bisa lissafin da ka kawo, ba na ganin zakkar ma ta hau kanka. Mai shago yana kimanta hajarsa idan shekara ta zagayo, ya haɗa da tsabar kuɗi da bashin da yake sa ran za a biya, ya cire abin da ake binsa, matuƙar ba shi da wata kadara da za ta tsaya a madadin bashin. Idan ragowar ta kai nisabi, wato kimar zinari giram 85 ko azurfa giram 595, sai ya fitar da 2.5 cikin ɗari. Naka babu ragowa. Hasali ma kana cikin masu bashin da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata cikin masu karɓar zakka.

Inda nake so ka tsaya da kyau shi ne yaga littafin. Malamanmu sun ce wanda bashi ya mamaye dukiyarsa ba shi da ikon yin kyauta da ita, masu binsa suna da haƙƙin hana shi. Yafe bashi kyauta ce. Dubu 250 ɗin nan, a yau, haƙƙin dilanka ya rataya a kansu, kuma ba a sadaka da haƙƙin wani. Don haka ka raba sunayen gida biyu. Mai albashi ko mai sana'a da yake iya biya amma yake ja maka rai, ka same shi cikin mutunci ka nemi kuɗinka, domin Annabi (SAW) ya ce jinkirin mawadaci zalunci ne, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Wanda kuwa ka san sabulu da man girki ya karɓa don yara su ci su yi wanka, kuma babu a hannunsa, wajibi ne ka saurara masa. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da a jinkirta wa mai ƙunci har ya samu sauƙi, sannan ta ce yafewa ce mafi alheri. Jinkirin ya hau kanka tun yanzu, yafewar kuma ka ajiye ta da niyya har ka sauke na dila, ko shi da kansa ya yarje maka.

Ka je wurinsa da ƙafarka kafin ya ji a bakin mutane. Katan ɗin da ba a fasa ba ka roƙe shi ya karɓi abinsa, akwai hadisin Abu Dawud da ya yi bushara ga wanda ya yarda aka warware ciniki. Abin da ya rage ku rubuta, da lokacin biya da shaidu. Wajen karyar da sauran kaya kuma, gwangwanin madara ko tumatir da kwanan watansa ya kusa, ka nuna wa mai saye. Wanda ya lalace ka zubar, ko da asarar ta yi ciwo.

Kunyar da kake ji kuwa, ka sauke ta. Annabi (SAW) ya ce wa Sayyidina Umar abin da ya zo masa na dukiya ba tare da ya roƙa ko ya sa rai ba, ya karɓa. Kai ba ka roƙi mai shayi ba. Ƙin karɓa zai hana shi lada, ya kuma karya masa zuciya. Tawakkali aikin zuciya ne, ka san Allah ne Ya turo su, kuma sanyin da kake ji rahamarSa ce ta biyo ta hannun bayinSa. Muslim ya ruwaito daga Abu Zarri cewa kada a raina komai na alheri, ko da sakin fuska ne. Ni a ganina tsohuwar nan ta fi kowa taɓa zuciya, ba a tambaye ta ba ta sauke nauyi. Ka karɓi ɗari biyar ɗinta, ka sa a kuɗin dila, ka yi mata addu'a tana ji.

Ka zauna a bencin telan, ya fi maka zaman ɗaki, kuma a irin wurin nan ake jin labarin wata sana'ar. Allah ne Mafi sani.