Zuwa Elmina ta mota

Tambaya: Anti dan Allah zan je Gana hutu, an ce lallai in leƙa Elmina ta mota, ya hanyar take kuma me zan gani?

Amsa: Ƙanwata je ki abinki, amma ki yi sammako daga Akra saboda cunkoson Kasoa, kamar awa 3 ne ki wuce Cape Coast sai ga ki. Abin da za ki gani shi ne ganuwar Elmina, wani katafaren tsohon gini a bakin teku. Turawan Fotugal suka gina ta a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, ƙasa kurkukun bayi ne duhu ba iska, sama kuma ɗakin gwamna yana kallon teku. Ƙofar da ake fitar da bayin zuwa jirgi matsattsiya ce, mutum ɗaya ɗaya. Ni dai a nan na kasa ɗaukar hoto wallahi.