Sukundireba mai caji ta daina riƙe wuta: a gyara ko a yar?

Malam, ka ce sukundirebarka mai volt 12 ce, tsohuwa, tana juyi kaɗan sai ta mutu, kuma ka zaga kasuwannin Wunti da Muda Lawal a Bauchi ba ka samu batirinta ba. Kada ka yar. Galibi injin lafiyarsa ƙalau, batir ne ya gaji.

Ka fara gwada ta. Cire batirin, ka haɗa ta da batirin mota ta waya mai kauri, ka kula da jan waya da baƙi. In ta juya da ƙarfi, shi ke nan. Wasu kafintoci ma a haka suke barin ta, da doguwar waya.

In kuma so kake ta koma yadda take, buɗe gidan batirin. Tsofaffin baturan nan galibi irin da ake kira NiCd ne, kowane ƙwaya volt 1.2, guda 10 a jere. Ɗaya ya lalace, ya ja sauran. Masu gyara kan musanya su da ƙwayoyin batirin lithium masu lamba 18650 guda uku, amma dole a sa allon kariya na BMS, kuma tsohuwar cajar ba ta yi, sai ta volt 12.6. Ban yarda da ƙwayoyin da ake cirowa daga batirin laftof ba, don ba su jure jan wuta mai yawa, zafi suke ɗauka.

In ko da batirin mota ta ƙi tashi, duba makunni da kabon ɗin injin, wato ɗan gawayin da ke kai wuta ga abin da ke juyi. Ka busa ƙurar hunturu da garin katako, ka sa wa giya giris. Kar ka bar ta cikin mota da rana, zafin Bauchi na watan Afrilu kashe batir yake.