Me ya sa zanen hatimi yake damewa a kan katin gaisuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na fara haɗa katunan gaisuwa da hannu, ina buga furanni da kalmomin taya murna da hatimin roba. Abu uku ke damuna. Wani lokaci zanen ba ya fita duka, sai tsakiyarsa ya zo da fari-fari. Idan na zo sa launi kuma, baƙin layin yakan narke ya ɓata furen. Sannan katin yakan lanƙwashe, ko ya tsattsage a wurin ninki. Hatimin ne ba shi da kyau, in sayi wani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki dakata da sayen sabon hatimi tukuna. A cikin ukun nan, ɗaya ce kawai za ta iya zama laifin hatimi, ita ma ba kasafai ba. Sauran magana ce ta tawada da takarda.

Zan fara da narkewar layi, domin ita ta fi karya gwiwar masu farawa. Tawadar buga hatimi ba iri ɗaya ba ce, ko da duk baƙa ce a ido. Akwai tawadar rini, wadda launinta narkakke ne a cikin ruwa. Takarda na shanye ta nan take, tana bushewa da wuri, amma da zarar ruwa ya sake taɓa ta sai ta bi shi. Akwai mai garin launi, wadda ƙananan ƙwayoyin launi ke cikin wani ruwa mai kauri. Ita wannan a saman takarda take zama, launinta ya fi cika ido, ba ta saurin koɗewa a rana, sai dai tana jimawa kafin ta bushe, musamman a kan takarda mai sheƙi. Ta uku ita ce mai ƙarfin warin nan, irin StazOn, wadda aka yi domin abin da ba ya shan ruwa, kamar gilashi da ƙarfe da leda mai kauri.

Abin da za ki riƙe shi ne, tawadar layi da abin sa launi kada su zama masu narkar da juna. Idan da fentin ruwa da buroshi kike aiki, ki buga layin da tawadar da ruwa ba ya ɗaga ta bayan ta bushe, kamar VersaFine ko Archival Ink, waɗanda tushensu mai ne. Idan kuwa maka mai sifirit kike amfani da ita, wato alƙalamin sa launi irin Copic, to abin ya juya: sifirit yana narkar da StazOn, yana kuma iya jan tawada mai mai, don haka tawadar rini irin Memento ce ta dace. Daga yadda kika bayyana, ina kyautata zaton tawadar rini kike bugawa sannan ki bi ta da ruwa. Ki gwada a kan guntun takarda: ki buga, ki ba shi 'yan mintuna, ki ja jiƙaƙƙen buroshi a kan layin. Nan take za ki gane halin tawadarki. Ni dai shawarata, baƙar tawada guda biyu, ɗaya ta aiki da fentin ruwa ɗaya ta aiki da maka, sun fi miki amfani a kan launuka ashirin da ba ki san halinsu ba.

Sai farin da ke fitowa a tsakiyar zane. Yawanci daga shafa tawada yake farawa. Ki kwantar da hatimin rigingine a kan tebur, ki ɗauki soson tawadar ki riƙa dangwala masa a hankali har ko'ina ya samu, maimakon ki danna hatimin cikin soson da ƙarfi. Dannawa da ƙarfi tana cusa tawada cikin ramukan zanen da gefen roba, sai ki ga wasu layuka da ba ki gayyata ba sun fito. Ki karkata shi ga haske, duk inda bai yi sheƙi ba bai samu tawada ba. Wajen bugawa, ki miƙe tsaye idan hatimin babba ne, ki sauke shi kai tsaye, ki bi tsakiyarsa da yatsu kina dannawa, ki ɗan jira kaɗan takarda ta karɓa, sannan ki ɗaga shi sama ɗoɗar. Kada ki girgiza shi hagu da dama, nan ne layi ke zama biyu.

Irin hatimin ma yana da tasa magana. Jan hatimi na roba, wanda ake mannawa a katako, an yi shi ne da robar da aka gasa da farar wuta, dabarar da Charles Goodyear ya samu rajistarta a Amurka a 1844. Yana da tauri, yana fitar da siririn layi sarai, kuma akwai soso tsakaninsa da katakon da ke raba nauyin hannu. Shi kuwa hatimi mai garai-garai da ake liƙawa a jikin bulon roba mai kama da gilashi, daɗinsa kina ganin inda za ki sauke shi, amma ba shi da wannan soson. Don haka ki shimfiɗa siririn soso ko takardu kaɗan a ƙarƙashin aikinki, kuma ki sassauta hannu, domin yana da laushi, matsi mai yawa yana baje layinsa. Idan sabo ne, tawada takan taru a kansa ɗigo-ɗigo saboda ragowar sinadarin masana'anta. Ki goge fuskarsa da farin magogin fensir, ki wanke, ki buga shi sau da dama a takardar banza. Ki duba teburinki ma, wanda ke lotsawa a tsakiya ba zai taɓa ba ki cikakken zane ba.

Idan kin yi duk wannan, kin sauya takarda, kin juya hatimin ta wata fuska, amma farin yana fitowa a wuri guda na zanen kullum, to wurin ya lotsa tun daga ƙira. A nan ne kawai za a ce hatimin ya gaza. Akwai kuma wani allo mai ƙyaure da maganaɗisu, irin MISTI, wanda ke riƙe takarda da hatimi a wuri ɗaya, ki sake bugawa sau biyu ko uku a kan layin farko ba tare da ya goce ba. Ga mai yin kati da yawa iri ɗaya, ya cancanci kuɗinsa.

Takarda kuma nauyinta ake dubawa, ana auna shi da giram a murabba'in mita ɗaya, shi ne lambar da ke jikin fakiti. Takardar firinta giram 80 ce, ba za ta iya tsayuwa a matsayin kati ba, kuma da ta ji ruwa sai ta yamutse. Jikin kati yana son giram 250 zuwa 300. Wajen bugawa ki nemi mai santsin fuska, domin mai kaushi tana da ƙananan ramuka da roba ba ta kai wa, wannan ma wani dalili ne na fari-fari. Idan za ki sa fentin ruwa, ki nemi takardarsa ta musamman mai giram 300, irin mai santsi. Kuma ina roƙonki, ki daina bugawa a jikin katin kai tsaye. Ki buga a wata takarda daban, ki sa launi, ta bushe sarai, ki yanke ta ta ɗan gaza fuskar katin, sannan ki manna. Idan ta lalace guntu kika rasa, kuma danshi bai taɓa jikin katin ba balle ya lanƙwasa shi.

Tsagewar ninki tana da dalili biyu. Na farko, zaren da ke cikin takardar inji duk fuska ɗaya suke kwanciya, ninkin da ya gitta su ya fi saurin tsagewa. Ki ɗan tanƙwara takardar ta tsawo, ki sake ta faɗi, ba tare da kin ninke ba: inda ta fi saurin bi, nan ne ninki zai fi yin kyau. Na biyu, kwali mai kauri ba a ninke shi haka kawai. Ki ɗora rula, ki ja layi da abu marar kaifi kamar bakin biro da tawadarsa ta ƙare, ya yi kwari, sannan ki ninke yadda tudun layin zai kasance a cikin katin, ki bi bakin ninkin ki murje. Takardar A4, mai milimita 210 da 297, idan kin raba ta biyu kin ninke kowane rabi, za ki samu kati biyu masu milimita 105 da 148, daidai ambulan mai lamba C6.

Akwai wata dabara da nake so ƙwarai, kuma tana maganin narkewar layi gaba ɗaya. Ki buga da tawada mai danƙo marar launi irin VersaMark, ki barbaɗa hodar roba ta musamman mai narkewa da zafi, wadda ake kira embossing powder, tun tawadar na da danshi, ki kakkaɓe ragowar, ki hura mata zafi har ta narke ta zama layi mai tudu da sheƙi. Layin nan roba ne, ruwa ba ya cin sa, yana tare fenti a cikin kowane ganye kamar katanga. Na'urar hura zafi ta wannan aiki ake buƙata. Ta busar da gashi iskarta ta yi yawa, zafinta bai isa ba, watsa hodar kawai za ta yi. Da kin ga wuri ya yi sheƙi ki matsa gaba, in kin daɗe hodar za ta nutse cikin takarda, takardar ta ƙone.

Wajen mannawa, gam mai ruwa shi ma yana lanƙwasa kati idan ya yi yawa. Salatif mai manne ta fuska biyu ya fi tsabta. In gam ɗin za ki yi amfani da shi, ɗigo kaɗan nesa da baki ya isa, sai ki danne katin da littafi mai nauyi har ya bushe.