Idan ba a gwada a kan zomo ba, a kan me aka gwada?

Tambaya: Assalamu alaikum, Dakta. Ina da shagon kayan kwalliya. Wasu mayukan shafawa da nake sarowa suna ɗauke da hoton zomo, an rubuta cewa ba a gwada su a kan dabbobi ba. Wata mai sayen kayana ta ce min ai ke nan a jikinmu ake gwajin, na rasa abin da zan ce mata. Ta yaya ake sanin sinadari ba zai cutar da mutum ba idan ba a gwada shi a jikin dabba ba? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Damuwar wannan baiwar Allah tana kan hanya, amma akwai abin da ba ta sani ba. Yanzu ana iya raya ƙwayoyin halittar ɗan Adam a ɗakin gwaje-gwaje, a zuba musu sinadari, a ga abin da zai same su. Wasu tambayoyin wannan hanya ta fi dabba iya amsa su, wasu kuwa har yanzu ba ta kai ba.

Hoton zomon yana da tarihi. A 1944 wani masani a hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, John Draize, ya fito da gwajin da ake ɗiga sinadari a idon zomo ko a shafa masa a fatar da aka aske, a yi kwanaki ana duba ja da kumburi da gyambo. An yi shekaru da dama ana haka. Banda azabar da dabbar ke sha, sakamakon ma ba ya tsayawa ɗaya, don da ido ake yanke hukunci, kuma fatar zomo ta fi tamu laushi. Tarayyar Turai ta hana gwada kayan kwalliyar da aka gama haɗawa a kan dabbobi a 2004, sannan daga 2013 ta hana sayar da waɗanda aka yi wa sinadaransu irin wannan gwaji domin kwalliya.

Ga abin da ya maye gurbinsa a batun fata. Ana samun ƙwayoyin halitta daga guntun fatar da ya rage bayan tiyata, a shuka su a ƙasan wani ɗan kofin roba wanda faɗinsa bai wuce farcen yatsa ba. Ta ƙasa suna shan ruwan abinci, ta sama kuma iska ke buga su, a cikin akwatin da ke riƙe ɗumin jikin mutum, digiri 37. Cikin kamar mako biyu sai su hau kan juna hawa-hawa, na sama su bushe su zama ɓawo irin na fatarki. Idan kin leƙa kofin, wani ɗan farin faifai za ki gani mai sheƙi, kamar yanar da ke kwanciya a kan madarar da aka tafasa. A kansa ake shafa sinadarin, a bar shi wasu mintoci, a wanke, a jira sa'o'i 42. Daga nan sai a sa shi cikin wani rini ruwan ɗorawa. Ƙwayar da ke raye tana juya rinin ya koma shunayya, wadda ta mutu ba ta iyawa. Na'ura ce ke auna zurfin launin. Idan waɗanda suka rayu ba su haura kashi 50 cikin 100 ba, an yanke cewa sinadarin yana cin fata. Ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki ta ƙasashe, OECD, ta amince da wannan gwaji a 2010, hukumomin ƙasashe da yawa kuma suna karɓarsa. Ni dai a nan ba ni da wata tantama: fatar mutum ta fi ta zomo sanin abin da ke ƙona fatar mutum.

Kada kuma a ɗauka gwajin dabba tabbas ne. A 2006 a Landan, an yi wa maza shida lafiyayyu allurar wani sabon magani mai suna TGN1412. An riga an ba birai ninkin abin da aka ba mutanen har sau 500, ba wata babbar illa da ta same su. Su kuwa mutanen, cikin 'yan sa'o'i garkuwar jikinsu ta tayar da bore, dukkansu sai da aka kwantar da su a sashen kulawa ta musamman. Bayan nan ne aka gyara gwaje-gwajen da ake yi da ƙwayoyin jinin mutum, don a riƙa hango irin wannan tun daga kwanon gwaji.

Inda gizo ke saƙar shi ne jiki ba fata kaɗai ba ne. Sinadarai da yawa ba su da lahani a yadda suka shigo, sai hanta ta sarrafa su sannan su zama guba. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne aflatoksin, gubar funfunar da ke kama gyada da masarar da aka ajiye da danshi. Ki zuba ta a kan ƙwayoyin da ba su da sinadaran hanta, za ki rantse ba ta da illa. A hantar mutum kuwa tana rikiɗewa ta lalata ƙwayoyin gado, tana cikin manyan abubuwan da ke jawo kansar hanta. Shi ya sa a gwajin gano sinadaran da ke lalata ƙwayoyin gado, da masanin Amurka Bruce Ames ya ƙirƙiro a shekarun 1970, wanda ake yi da ƙwayoyin bakteriya, sai an haɗa da ruwan hantar ɓera. Abin lura a nan, su kansu ɓerayen ba bakinsu ɗaya ba: ƙaramin ɓera yana jure wannan guba sosai, babban ɓeran gwaji kuwa tana saurin kama shi. To wanne ne ke wakiltar mutum?

Ana ƙoƙarin toshe wannan giɓi. A 2007 Shinya Yamanaka na Japan ya nuna yadda za a mai da ƙwayar fatar babban mutum ta koma ɗanya, a sake sarrafa ta ta zama ta zuciya ko ta hanta. Ƙwayoyin zuciyar da aka samu haka suna bugawa a cikin kwano, kuma idan magani ya rikita bugun ana gani. A 2010 masana a jami'ar Harvard suka ƙera wani ɗan allon roba mai siraran hanyoyi, aka shimfiɗa ƙwayoyin huhu a ciki, ruwa na gudana ta ƙasa kamar jini. An yi irinsa na hanta, kuma a wani bincike na 2022 da aka yi da magunguna 27, ya gano kashi 87 cikin 100 na masu cutar da hanta. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, sai dai kamfanin da ke ƙera allon ne ya jagoranci aikin, kuma 27 ba su da yawa. A ƙarshen 2022 Amurka ta cire wajabcin gwada sabon magani a kan dabba kafin a kai ga mutum. Ba ta hana ba, ta dai buɗe ƙofa ga wasu hanyoyin.

Abin da kwano bai iya faɗa da tabbaci ba tukuna shi ne abin da sinadari zai yi idan ya yi shekara goma yana taruwa a jiki kaɗan-kaɗan, ko abin da zai yi wa ɗan tayi. A nan har gobe ana dogaro da dabbobi da bayanan da aka tara tun da. Yawancin mayuka ma da tsofaffin sinadarai ake haɗa su, waɗanda an daɗe da sanin halinsu.

Abin da ya fi damuna da shagonki, Hajiya, ba zomon ba ne. Hoton yana faɗin abin da ba a yi ba ne kawai, bai ce an yi gwajin ƙwayoyin halitta ba, kuma mai jabu ma yana iya buga shi. Mayukan bilicin masu sinadarin makuri (wato zaiba) na iya kwanciya a fata lafiya lau, ba ja ba ƙaiƙayi, alhali suna ratsawa suna cin ƙoda. Don haka ki riƙa duba lambar rajistar NAFDAC, da jerin sinadaran da aka rubuta, da sunan kamfani da adireshinsa. Kwalbar da babu waɗannan a jikinta, ko wadda aka haɗa a gida aka ɗura ba suna, kada ki saro ta, ko da zomo goma aka zana mata.